Agogon tebur mai sunan Landan a fuskarsa: na Ingila ne ko na Jamus?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ku haska mini game da wani tsohon agogon tebur da na saya a wurin 'yan gwanjo. Akwatinsa na baƙin katako ne, yana da mariƙi na tagulla a sama, an kuma rubuta sunan wani mutum da kalmar Landan a fuskarsa. Ramukan wana shi uku ne, kuma yana buga sautin Westminster duk bayan minti 15. Wanda ya sayar mini ya ce aikin ƙarni na 18 ne, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ta yaya zan tabbatar da asalinsa?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Sunan da ke fuskar agogo shi ne shaida mafi rauni, domin sau da yawa na mai kanti ne da ya sayar, ba na maƙerin ba. Ka buɗe ƙofar baya ka dubi injin. Irin wannan agogo ya bayyana a Landan bayan da masanin ƙasar Holland Christiaan Huygens ya ƙera agogo mai lilo a 1656, gidan maƙeran agogo na Fromanteel kuma ya shigo da dabarar Ingila a 1658. Na Ingila na wancan zamani kusan duk suna da fuzi, wato ƙarfe mai siffar mazurari wanda sarƙa ko tsarkiya ke naɗewa a jikinsa, domin ƙarfin sifirin ya daidaita daga ranar da aka wana agogon har ƙarshen mako. Farantin baya yakan zama mai kauri, an zane shi da furanni da hannu, lilon gajere ne, bugun kuma a kan ƙararrawa yake. Abin da ya fi jan hankalina a bayaninka shi ne sautin Westminster. An tsara shi ne a Cambridge a 1793, bai kuma yaɗu a agogon gida ba sai bayan da babban agogon majalisar dokokin Birtaniya ya fara aiki a 1859. A ganina agogonka na ƙarshen ƙarni na 19 ne ko farkon na 20.

Amsa ta biyu:
Na yarda da amsa ta farko, sai dai zan ƙara da cewa masana'antun kudu maso yammacin Jamus sun cika kasuwar Ingila da irin wannan agogo a wancan lokaci, kuma sukan buga tambarinsu a farantin baya. Tauraro mai tsini 8 da harafin J na kamfanin Junghans ne, kibau biyu da suka gitta juna na kamfanin HAC ne, haruffan W&H Sch kuma na kamfanin Winterhalder da Hofmeier ne. Dokar Birtaniya ta 1887 ta sa aka riƙa rubuta ƙasar da aka yi kaya a jikinsu, saboda haka ka duba ƙasan fuskar da gilashin ƙara girma. Kada kuma ranka ya ɓaci idan ya fito na Jamus, domin aikin Winterhalder da na kamfanin Lenzkirch nagartacce ne, har ma Winterhalder sun yi wasu masu fuzi. Wannan ne ya sa ganin fuzi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na duba, farantin ba shi da zane, babu sarƙa, guduma kuma tana bugun wasu naɗaɗɗun ƙarafa. Akwai ramuka biyu a farantin da babu komai a cikinsu. Mene ne ma'anarsu?

Amsa ta uku:
Ramin da babu komai a cikinsa abin lura ne, Malam. A tsofaffin agogon Ingila yakan nuna cewa an cire asalin tsarin da ke kaɗa lilo an sa na zamani, abin da masu gyara suka yi da yawa a ƙarni na 19. A naka kuwa, mai yiwuwa masana'anta ce ta yi faranti guda domin samfura daban-daban, ko kuma an ɗauko injin daga wani akwati. Ka duba ko ramukan wana agogon sun zauna daidai a kan sandunan da ake sa wa makulli, ka kuma duba katakon da injin ke zaune a kai ko akwai tsofaffin huje da aka toshe.  Ina roƙonka kada ka goge tagullar da man ƙyalli, kada ka sake fentin akwatin, kuma ka cire lilon kafin ka ɗaga agogon, domin siririn ƙarfen da yake rataye a kai yana saurin karyewa. Ka ɗauki hoton farantin baya da lambar da ke jikinsa ka turo, sai mu gwada su da tamburan da aka sani.