Shin dole ne mai koyon na'urar rada ya fara da lissafin babin farko?

Ɗalibi, Mabera: Assalamu alaikum malamaina. Ina karanta littafin share fage a kan na'urar rada, kuma a ganina babin farko, wanda ya cika da lissafin iyakar nisan da na'urar ke hangowa, ɓata lokaci ne ga mai koyo a yau. Ana harba igiyar rediyo, ta bugi jirgi, ta dawo, a auna lokacin da ta ɗauka. Tunda tana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, sauran aikin na kwamfuta ne. Gara a wuce zuwa babin Doppler, wato sauyin da motsin jirgi ke jawo wa igiyar da ta dawo.

Malama, Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Auna lokaci yana gaya maka nisan jirgi, amma ba ya gaya maka ko za ka gan shi tun farko. Igiyar tana bazuwa a tafiya, ta sake bazuwa a dawowa, saboda haka idan nisa ya ninka biyu, ƙarfin da ke komowa yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin 16. Wanda ya ninka ƙarfin na'urarsa biyu yana tsammanin nisa zai ninka, ƙarin kusan kashi 19 cikin ɗari kawai zai samu. Ɗalibin da bai san wannan ba, ba zai gane dalilin da ya sa bututun magnetron da aka ƙera a Jami'ar Birmingham a 1940 ya sauya komai ba, domin yana samar da gajeriyar igiya mai ƙarfi wadda ƙaramar eriya ke iya tattarawa wuri guda.

Injiniya, Gawon Nama: Ranki ya daɗe, ban musa lissafinki ba, sai dai yaron nan yana da ɗan abin kamawa. Lissafin littafi yana ɗauka cewa sararin sama wayam yake, alhali ƙasa da gine-gine da ruwan sama suna maido da amon da sau da yawa ya fi na jirgin, kuma sauyin Doppler ne ke raba mai motsi da tsayayye. Jirgin da ya yi ƙasa-ƙasa a nesa kuwa, lanƙwasar duniya ce ke ɓoye shi, ko nawa ne ƙarfin na'urarka. Ban da haka, masu kula da zirga-zirgar jirage sun dogara sosai ga rada mai tambaya, wadda ke aika saƙo a megahaz 1030, jirgin ya amsa da kansa a 1090, kuma a can ƙa'idar 16 ɗin ba ta aiki, tunda kowane saƙo tafiya ɗaya kawai yake yi.

Ɗalibi, Mabera: To Injiniya, hazo fa? Shi ne ke makantar da rada har a jinkirta saukar jirage a filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato lokacin hunturu?

Injiniya, Gawon Nama: A'a. Ƙwayar ƙura ƙanƙanuwa ce ƙwarai idan aka gwada ta da igiyar da tsawonta ya kai santimita 10, don haka kusan ratsa ta take yi. Idon matuƙi ne ke kasa ganin titin sauka.

Malama, Runjin Sambo: Madalla, Injiniya. Amsar nan da ka bayar, ta girman abu da tsawon igiya, daga babin farkon ta fito, haka ma bayaninka na rada mai tambaya, domin wanda ya san illar tafiya da dawowa ne kaɗai zai ga ribar tafiya ɗaya. Kai kuma ɗana, ga tambaya: na'ura tana harbi sau 1,000 a daƙiƙa, jirgi yana nisan kilomita 200. A ina zai bayyana a allo?

Ɗalibi, Mabera: Tsakanin harbi da harbi igiyar za ta iya zuwa kilomita 150 ta dawo, ke nan amon zai iso bayan harbi na biyu, a gan shi a kilomita 50. Amma Malama, da lissafin lokaci na warware wannan, ba da na ƙarfi ba, saboda haka ina nan a kan bakata har ki kawo wata.