Allura ce ta shanye ƙafar yaron, ko shan inna ne?

Maman Ummi: Jama'a, ɗan maƙwabciyata ya yi zazzaɓi, aka yi masa allura a ɗuwawu a wani kemis. Nan take ya ƙwalla ƙara, tun ranar yake jan ƙafar dama, silifas ma suɓule masa yake. Ni dai na yarda allura ce ke gurgunta yara, shan inna suna ne kawai aka laƙaba.

Baban Sadik: Haba Hajiya. Shan inna ƙwayar cuta ce, ta baki take shiga, ta kai ga laka ta kashe jijiyoyin da ke sa tsoka motsi. Mun ga abin da zargi ya jawo a 2003, da aka dakatar da riga-kafi a Kano, cutar ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Maman Ummi: Malam, ba riga-kafi nake nufi ba. A gabana yaron ya fita da ƙafarsa.

Anti Nas: Yaya, a kan wannan yaron ina bayanki. Akwai jijiyar da ta fi kowace girma a jiki, daga ƙasan gadon baya take fitowa, ta ratsa ɗuwawu, ta gangara bayan cinya har ƙafa. Ba jini ke bin ta ba, saƙon motsi da na ji take kaiwa da komowa. In allura ta same ta, ƙafa sai ta saki. Shi ya sa muke raba ɗuwawu gida huɗu, mu yi a na sama ta waje, jarirai kuwa a cinya. Abin yana min ciwo, don kuskure ne da ake iya kauce masa. Amma shan inna gaskiya ne. Mai shi yana jin taɓi sarai, wanda allura ta taɓa kuwa sau da yawa saman ƙafarsa mutuwa yake.

Baban Sadik: Duk da haka ba a yanke hukunci da ido. Ko bayan 2020 da aka ce Afirka ta rabu da asalin ƙwayar, duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, sai an gwada bayan gidansa sau biyu.

Anti Nas: Haka ne, a kai shi asibiti gobe. Jijiya tana iya farfaɗowa, amma kusan milimita 1 take tsirowa a rana, sai an jure zuwa gashin ƙashi a asibiti. Kada a gasa masa da ruwan zafi a gida, zai ƙone bai ji ba.

Maman Ummi: Innalillahi, jiya na ga uwar tana ɗora ruwa. Bari in leƙa yanzu.