G63, Range Rover Sport ko Lexus LX 600, wacce za ta iya da hanyar Tawa?

Ɗan Ader:

Salamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa shina lahiya. Shawara nika nema ga waɗanda sunka san harkar manyan motoci. Ina zamne Yamai amma iyaye da rabin harkokina suna Tawa, kenan hanyar Doso, Dogonduci, Ƙonni har gida ita ce hanyata, wajen kilomita 550, wani lokaci kuma in wuce Abalak ko in shiga ƙauyukan wajen Keita inda babu gudron. Yanzu Prado gare ni kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba, amma Allah ya hore kuma ina son mota mai ƙarhi ta gaske, wadda in na taka zan ji ta amsa, kuma cikinta ya zan wurin hutawa.

Guda ukku na tsayar a raina: Mercedes G63 AMG, Range Rover Sport mai V8, sai Lexus LX 600. Akwai wani abokina da ke ta matsa mini in duba Porsche Cayenne, ya ce in dai gudu da jin daɗin tuƙi nika so babu kamarta. Zuciyata dai gaskiya tana ga G63. Abin da nika so ku gaya mini shi ne wacce za ta jure zahinmu da ƙurarmu da man da muke sha, wacce in ta samu matsala za a iya gyara ta nan ba sai an ɗora ta bisa babbar mota ba, kuma wacce in na tashi saidawa ba zan yi kuka ba. Don Allah wanda ya riƙe ɗaya cikinsu ko yake gyaransu ya yi magana.

Abdul AMG:

Wa alaikumus salam babban yaya. Ni dai ba zan ɓoye ba G63 nake ba ka shawara kuma ba don ƙara ko kwalliya kaɗai ba. Mutane suna ganinta gaban otel a unguwar Plateau ta Yamai sai su ɗauka motar gayu ce, alhali asalinta motar aiki ce da ta soja, tun 1979 ake ƙera G a garin Graz na ƙasar Ostiriya, har yau kuma bisa shasi take zaune kamar Land Cruiser, ga makullan difaransiyel masu sa tayoyi su juya tare guda 3, gaba da tsakiya da baya, wanda ko cikin rairayi ko laka ta damina ka danna su sai ta fita. Injin V8 ne lita 4.0 mai turbo biyu, ƙarfin doki 585, daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa cikin sakan 4.5, mota mai nauyin tan biyu da rabi fa. Sannan ba ta zaune bisa sispansiyon mai balan-balan na iska, resor ɗin ƙarfe gare ta, kenan matsalar da ke kwantar da Range ba ta same ta ba. Tayar sukur ma tana rataye a ƙofar baya, cikakkiya. Range da Cayenne duk shekara biyar sai ka ga an canza musu fuska ta da ta zama tsohuwa, ita G siffarta ɗaya, shi ya sa kuɗinta ba ya faɗuwa da sauri. In zuciyarka tana can wlh ka bi ta.

Malam Garaji:

Assalamu alaikum Alhaji. Ni makanike ne, manyan 4x4 nake taɓawa, bari in yi maka magana ta abin da ke shigowa garaji.

Farko dai ka aje maganar doki. Range Rover Sport SV da ta fito 2023 doki 635 gare ta, injin BMW ne lita 4.4 a cikinta, Cayenne Turbo GT ta 2021 doki 640, G63 585, LX 600 kuwa 409 kacal da V6 mai turbo biyu. A takarda Lexus ce ta ƙarshe nesa ba kusa ba. To amma tsakanin Yamai da Ƙonni ina ne wurin da za ka taka 200 hankalinka kwance? Ga ramu, ga shanu da raƙuma, ga amalanke, ga tudun rage gudu a kowane gari, ga manyan motoci sun tare hanya. Abin da kake buƙata shi ne ƙarfin wuce tirela cikin sauri, kuma duka huɗun suna da shi har ya yi yawa.

Abin da ke kashe waɗannan motoci a nan guda uku ne, kuma na farkonsu taya. Cayenne da Range masu gudu suna zuwa da janti 21, 22 har 23, robar taya siririya kamar zobe, rami ɗaya mai kaifi bayan Doso cikin dare sai taya ta tsage janti ya lanƙwashe, kuma ba za ka samu irin wannan lamba a Dogonduci ba, a Yamai ma sai an yi oda. Wasu ma ba su zuwa da sukur sai ɗan kwalban liƙi da famfo. Kuma ba za ka ce bari in sa ƙaramin janti ba saboda birkin da ke ciki ƙato ne, janti ƙarami ba ya shiga. Ita LX tana karɓar 18 ko 20, kuma tayar Land Cruiser ko a Tawa za ka samu.

Na biyu sispansiyon ta iska. Range tana da daɗi ba wanda zai musa, in kana ciki ba ka jin hanya, amma balan-balan ɗin roba ne, zafin watan Afrilu da Mayu da ke kai 45 yana busar da shi, ƙura tana cin shi, sai ya fara yoyo kaɗan-kaɗan, kwamfaresa ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone, wata safiya ka fito ka tarar mota ta durƙusa ƙasa. Cayenne manya su ma iska ce. LX tana ɗagawa tana sauka ita ma amma da man haidrolik take aiki, tsarin da muka sani tun LX 470 da 570, in ana canza man a kan lokaci yana daɗewa.

Na uku zafi da mai. V8 ɗin Jamusawa, na AMG da na BMW da na Porsche, duka turbo ɗin a tsakiyar injin suke zaune cikin V, wurin yana ɗaukar zafi sosai, tiyo da robobi da wayoyin da ke kusa suna gasuwa. An yi su ne don isans mai oktan 98, a Turai gidajen mai da yawa suna da shi, mu nan famfo ɗaya ne na isans, ba ka da zaɓi. Kwamfutar motar za ta rage ƙarfi don ta kare injin, kenan dokin da ka biya ma ba duka za ka samu ba. Man bakin hanya na kwalba kuwa kar ka kusance shi da ko wacce cikinsu har Lexus ɗin, allurar mai ɗinsu ba ta yafe datti.

Sai maganar balis, wato na'urar da ake jonawa mota ta karanto matsalarta. G63 ko Range ko Porsche in ta kunna wuta a tablo, dole sai na'urar da ta san harshenta, masu ita a Yamai ba su da yawa, a Tawa kuwa kar ka sa rai. LX 600 ƙashinta ɗaya da Land Cruiser 300, shasi ɗaya, injin isans ɗaya, bwat mai bitesi 10 ɗaya, filtoci da kayan ƙafa da yawa suna shiga juna, kuma Toyota tana da wakili a ƙasar nan. Ni in kuɗina ne kuma hanyar Tawa nake bi, LX zan ɗauka.

Amma ita ma ba waliyyiya ba ce, ka ji wannan da kyau. A 2024 Toyota ta kira motoci wajen 102,000 a Amurka, Tundra da LX 600 na 2022 da 2023, saboda ragowar ɓarɓashin ƙarfe da ya saura cikin injin tun daga masana'anta, yana iya cin kusine, wato boris ɗin cikin injin, har injin ya tsaya, maganin da suka yi shi ne canza injin gaba ɗaya kyauta. In okaziyo ce daga Amurka za a kawo maka, a bincika lambar shasi a ga ko tana ciki kuma ko an riga an canza, domin in ta iso nan ba a yi ba kai za ka biya.

Abdul AMG:

Malam na yarda da maganar taya da mai, amma G63 ana samunta da janti 20, kuma ba ta da balan-balan, kenan biyu cikin ukun da ka lissafa ba su shafe ta ba sosai.

Malam Garaji:

Gaskiyarka Abdul, cikin na Turai ukun ita ce ta fi dacewa da ƙasarmu, ban musa ba. Sai dai ka duba inda salansa ɗinta, wato bututun hayaƙi, suke fitowa, a gefe ne ƙasan ƙofofin baya, a hanyar duwatsu irin ta wajen Keita da Buza su ne farkon abin da ke bugun ƙasa. Kuma lissafa mai: a takarda ma tana shan wajen lita 16 a kilomita 100, tanki lita 100, Yamai zuwa Tawa kilomita 550 kenan lita 88 in ka tuƙa ta a hankali, da kilim da kaya da ƙafa mai nauyi ba za ta kai ba sai ka sha a Ƙonni. Ba matsala ba ce ranar da mai yake ko ina, amma mun ga lokacin da gidajen mai suka bushe a 2025.

Tiranzite Lome:

Slm Alhaji. Ni ta ɓangaren shigowa da saidawa zan ƙara. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 hanyar Kwatano, Malanbil, Gaya da muka saba ta tsaya, yanzu kaya ta Lome suke biyowa su ratsa Burkina cikin ayari da rakiyar sojoji, lokaci ya ƙaru kuɗi ya ƙaru. Wannan ba motar kaɗai ya shafa ba, duk wani babban piyes da ba zai hau jirgin sama ba haka zai biyo. Ka sa wannan a lissafinka kafin ka zaɓi motar da komai nata sai an yi oda.

Sannan ka kula da ƙasar da aka yi wa motar. Wadda aka yi don ƙasashen Larabawa, irin ta Dubai, ita ce ta fi kusa da yanayinmu wajen sanyaya inji da kilim. Ta Turai in gazuwal ce ka guje ta, tana da matatar hayaƙi da tsarin AdBlue, ruwan da ke tsabtace hayaƙi, in suka toshe mota sai ta ƙi gudu. LX ta Amurka tankinta lita 80 ne kawai, Land Cruiser 300 ta Larabawa 110, ga mai dogon hanya bambancin yana da yawa, ka tambayi girman tankin wadda za a kawo maka. Kuma kar ka biya komai sai ka ga tarihin lambar shasi, motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci a Amurka da yawa ana gyara su a yi musu fenti su biyo ta nan.

Wajen saidawa kuwa, LX ko Land Cruiser in ka sa ta kasuwa 'yan kasuwa da ma'aikatu da mutanen Agadas har na Najeriya duk masu saye ne. G63 tana riƙe kuɗinta amma masu iya sayenta a Yamai ƙalilan ne, sai ka jira. Range da Cayenne da zarar sun tsufa kaɗan mai saye tsoron gyara yake ji, sai ya taya ka da kuɗin da ba za ka so ji ba.

Hajiya Mai Atamfa:

Alhaji ni ba makanikiya ba ce amma na zauna bayan G na zauna bayan Lexus a doguwar hanya. Don Allah kafin ka saya ka ɗauki uwargida da su Inna ku gwada kujerar baya. G tana da tsawo wajen hawa, tsoho sai an tallafa masa, bayanta ba shi da faɗi yadda mutum zai zata in ya gan ta daga waje, ga ƙarar iska saboda gilashin gaba a miƙe yake, kuma mutum 5 take ɗauka. LX akwai mai kujeru 7. In da sallah kuke tafiya gida da yara wannan ma abin dubawa ne.

Ɗan Ader:

Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri, kun buɗe mini ido. Range da Cayenne na hidda su, maganar taya da balan-balan ta ishe ni, don ina yawan tahiya da dare kuma ba ni son abin da zai tsaida ni tsakanin Ƙonni da Badagishiri da iyali cikin mota. Hajiya maganarki ta shiga, tsohuwata ƙahwahunta sun fara ba ta wahala kuma ita nika yawan ɗaukowa in kawo asibiti Yamai. Har yanzu G63 tana raina Abdul, amma ga alama LX 600 ta Dubai zan nema da janti 20.

Malam Garaji tambaya ɗaya ta rage, tunda ka ce ƙashinsu ɗaya da Land Cruiser 300, shin in ɗauki 300 ɗin GR Sport mai gazuwal ya hi mini, ko in tsaya ga LX mai isans? Tiranzite kai kuma in lambar shasi ta samu zan turo maka ka duba mini ita kahin in aika ko dala.