Manhaja ce ta yanke hukunci ko manaja?

Baban Amira: Jama'a, yau raina a ɓace yake. Shekara tara ina kula da ma'ajiyar kamfaninmu. Bara aka kawo manhajar nazarin ciniki, ta ce a rage odar wani kaya da rabi, wai ba ya tafiya. Na ce wa manaja, wata biyun da ta duba ɗin nan kayan ne babu a ƙasa, jirgi ya yi jinkiri, ba masu saye ne suka ja baya ba. Sai ya juyo mini da kwamfutarsa, ya ɗora yatsa a kan wani jan layi da ya gangara, ya ce ga abin da lissafi ya nuna. Yanzu kayan sun yanke, kuma ni aka ba takardar tuhuma. Wallahi kwamfuta ba ta isa ta yanke hukunci a harkar kasuwa ba.

Injiniya: Allah ya huci zuciyarka, yaya. Amma gyara kalmar nan, "hukunci". Manhaja ba ta yanke hukunci. Tun 1971 da wasu masana biyu, Gorry da Scott Morton, suka raɗa wa irin wannan tsari suna, mai tallafa wa yanke shawara suka kira shi. Tallafi kawai.

Akanta: Tallafin da ba mai iya musa masa? Duk maganar da ba a ɗaukaka ƙara a kanta hukunci ce, ko me aka raɗa mata a 1971.

Maman Khalifa: Ku duka kun kauce. Hukunci na alƙali ne. A kasuwa shawara ake yankewa.

Akanta: Hajiya, mutumin da aka ba takardar tuhuma kike ce wa ba a yi masa hukunci ba?

Malam Lakcara: Ku saurara. Herbert Simon, wanda ya ci kyautar Nobel a 1978, ya kasa lamarin gida uku: gano matsala, tsara hanyoyin fita, sannan zaɓi. Manhaja na da ƙarfi a na farko, tana taimakawa a na biyu. Na uku na mutum ne, domin shi za a tambaya gobe.

Akanta: Malam, a aji kenan. A ofis, manajan da ke tsoron kujerarsa bayan allo yake ɓuya. Ni shi ya sa har gobe Excel ɗina nake riƙe da shi, kowane lissafi ina ganinsa da idona. Power BI ɗinku, manhajar nazarin bayanan nan, ado ne kawai.

Injiniya: Excel? A 2020 hukumar lafiya a Ingila ta ɓatar da bayanan mutum kusan 16,000 da suka kamu da korona, saboda tsohon fayil ɗin Excel ba ya wuce layi 65,536. Idon naku yana ina a ranar?

Akanta: To Zillow fa, kamfanin dillancin gidaje a Amurka? Sun bar lissafin kwamfuta yana yi wa gidaje farashi suna saye, a 2021 suka rufe sashen, suka sallami kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikata. Kuma ka faɗa wa jama'a gaskiya, kai girka waɗannan manhajoji ne abincinka.

Injiniya: Sana'ata ce, ba na jin kunyarta. Kai kuma tsoron koyon sabon abu ke damunka.

Akanta: Ni kake ce wa matsoraci? Ina rufe littafin shekara tun kana makaranta.

Maman Khalifa: Injiniya, ka janye. Ya girme ka.

Baban Amira: Don Allah, ni tambayata ita ce yadda zan amsa takardar nan. Jibi ake so.

Injiniya: Ba zan janye ba sai ya janye zancen abinci.

Mai kula da zaure: Ya isa haka. Ga abin da aka cimma: an tabbatar manhaja ba ta yanke hukunci, kamar yadda Injiniya da Malam suka kawo hujja. Laifin na bayanan da aka zuba mata ne, kuma tattara bayanan ma'ajiya aikin mai ma'ajiya ne. Zancen Zillow ba shi da alaƙa da wannan. Masu riƙe da Excel su daure su je horo. Na rufe sharhi.