Uban yaro ya ce zai amshe shi bayan salla, ina za mu nufa?

Maman Iman: Salamu alaikum 'yan zaure. Auren ƙanwata ya mutu bara, yaronta ya shiga shekara 7, uban ya aiko wai bayan salla zai zo ya ɗauke shi. Fada za mu fara zuwa ko jastis kai tsaye?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Ku fara da mai unguwa, sulhu ya fi shari'a.

Hajiya ta Zengu: Maman Iman, duk inda za ku, kada ku tashi ba takarda a hannu. Haka aka yi wa ɗiyar yayata. An zauna gaban dattawa aka sasanta da baki: yarinya ta zauna wajen uwarta, uban ya riƙa ba da jika 10 duk wata. Ya ba da na farko, ya yi shiru. Da hutun lakwal ya zo ya ce a ba shi ita ta je gaida kakarta Matameye, shi ke nan, ya kashe waya. Da muka je jastis, abin da aka fara tambaya takardar saki da takardar haihuwa. Saki da baki ya yi shi, takardar haihuwa kuma tana cikin akwatinsa. Sai da muka bi shaidu gida-gida, muka koma ma'aikatar magajin gari neman wata. Uwar nan ta rame har zobe na zame mata daga yatsa. Daga ƙarshe alƙali ya maido yarinya, ya yanka kuɗin ci da sha a rubuce. Mai unguwa da sarki sulhu ne nasu, hukunci na alƙali ne. In an sasanta, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Malam na Birni: Maganar uba ya amshi yaro in ya kai shekara 7 al'ada ce. A Malikiyya uwa ke da renon ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare. In uwar ta yi wani aure, kakar wajen uwa ce ke biye.

Baban Sadik: Allah gafarta Malam, to uban fa? Ya yi ta biya ɗansa na can bai ko san shi ba?

Inna Rabi: Baban Sadik, kai kullum bayan maza kake. Ya fara biyan tukuna.

Baban Sadik: Inna, akwai matan da ke hana uba ganin ɗansa, wannan ma zalunci ne.

Malam na Birni: Gaskiya ne, ba a hana shi gani.

Ɗan Sabon Gari: Nijar ba ta da kundin dokar iyali, al'adar ma'auratan ake bi, shi ya sa alƙali ke zama da masana al'ada a gefensa. Amma yana duba inda yaro zai fi samun kulawa da karatu, ku riƙe takardun lakwal da na likita. In ba kuɗin lauya ku tambayi ofishin ANAJJ, hukumar gwamnati mai ba da taimakon shari'a, don marasa ƙarfi aka buɗe shi. Wanda hukunci bai yi wa ba, kotun ɗaukaka ƙara na nan Damagaram, ba sai Yamai ba, amma akwai wa'adi, kada a yi sanya.

Inna Rabi: Kayan ɗaki fa? Na ɗiyata na can shekara guda, sun hana.

Maman Iman: Na gode. Ƙanwata ba ta sake aure ba, sai dai takardar sakin ce babu.

Hajiya ta Zengu: To ita za ku fara nema, tun shaidun ba su manta ba.