Musayar Waƙa Kan Zamanin Ghali Na'Abba a Majalisar Wakilai

Dattijon Yakasai

Jama'a salamu alaikum. Tun da Allah ya yi wa Ghali Umar Na'Abba rasuwa ranar 27 ga Disamba 2023 nake son mu zauna kan shekaru huɗun da ya yi a majalisa, daga 1999 zuwa 2003. Ina cikin waɗanda suka zaɓe shi. Mai ja ya ja da waƙa.

Da sunan Ilahu nake buɗe baki,
Sarkin da mulkinsa ba zai gushe ba.

Salati ga Manzo da alai, sahabbai,
Sannan in juyo ga Ghali Na'Abba.

Daga cikin Birni muka aike shi Abuja,
Da ƙuri'a, ba da ƙarfin tuwo ba.

Ya isa yana ɗan majalisa zalla,
Kujerar kakaki ba a ba shi ba.

Salisu Buhari ya fara hawanta,
Wata biyu ma bai cika a kai ba.

Takardar Toronto ta tashi ta bogi,
Shekarun haihuwarsa ba su kai ba.

Ya sauka da kuka, Kano ta sunkuya,
Irin wannan kunya ba mu taɓa sha ba.

A Yulin shekarar aka ɗauko Ghali,
Aka damƙa guduma, ya shige gaba.

Can fada kuwa ga tsohon janar,
Obasanjo, bai saba jin a'a ba.

Ƙasar da ta sha soja shekara 15,
Aikin majalisa ba ta gane shi ba.

Ghali ya ce kasafi sai mun tace shi,
Ba ma wuce abin da ba mu duba ba.

Dokar hukumar raya Neja Delta,
Shugaba ya riƙe bai sa hannu ba.

Suka tara kashi biyu cikin uku,
Ta zam doka a 2000, bai so ba.

Ɗan Kano ya tsaya wa ƙasar man fetur,
Bai tsaya tambayar yare ko gari ba.

In akwai kakakin da ya kai shi tsayuwa,
Ku nuna mini, ni dai ban gan shi ba.

'Yar Ƙofar Mata

Baba, Allah ya ƙara girma. Allah ya jiƙan mamaci ya kyauta namu zuwan. Aikin da aka ba shi amana kawai zan tambaya a kai.

Baba na durƙusa na gaida dattijo,
Ka ba ni fili in faɗi namu.

Tsayuwa gaban shugaba na yarda da ita,
Wani abu daban ne ya dame mu.

A shekarar farko, ƙasa na fama,
Me suka fara yanka wa wakilanmu?

Kuɗin sayen kujeru da gadon kwana,
Miliyoyi, duk daga aljihunmu.

Ma'aikata sun yi ta kuka a kai,
Albashi bai kai wata a gidajenmu.

A Agustan 2002 suka ba da wa'adi,
Mako biyu shugaba ya sauka ya bar mu,

Ko su tsige shi, suka jero laifi,
Ƙasa ta yi tsit, muka zuba idanunmu.

Sai manya suka shiga, Gowon da Shagari,
Aka naɗe takarda, aka sallame mu.

In laifin gaske ne, don me aka janye?
In ba gaske ba, don me aka tada mu?

Kuma Baba kana ta cewa sun yi, sun yi,
Shi wace ƙuri'a ya jefa da sunanmu?

Nuna mini littafin da aka rubuta
Inda ya tsaya mana da inda ya bar mu.

Malamin Samaru

Ƙanwata, tambayarki ta ƙarshe ita ce gindin maganar. Sashe na 56 na tsarin mulkin 1999 ya amsa rabinta, al'adar zaurenmu ta amsa sauran.

Ƙanwata, littafin da kike nema
Da wuya ki same shi a Najeriya.

Mai riƙe da guduma a gaban zaure
Ba ya jefa ƙuri'a ko ɗaya,

Sai in an yi kunnen doki tsakani,
Sannan ya sa tasa a sami hanya.

To Ghali kusan duk zamansa kakaki,
Aikinsa jan zaure da tsara tafiya.

Sannan wakilai 360 ne,
Amma yawanci ana zaɓe da murya.

Kakaki ya ce masu so su ce i,
Masu ƙi su ɗaga tasu daga baya.

Ya auna amon da ya fi cika kunne,
Ya buga guduma, sai a kama hanya.

Wakilinki zai iya kame bakinsa,
Ya dawo gida ya ce ya yi jayayya.

Wani ma ba ya zauren a ranar,
Kuma ba mai iya kama shi da ƙarya.

Akwai raba zaure, a kira suna-suna,
Ba a yin sa sai abu ya yi wuya.

Dattawa sun yi shi a Yulin 2021,
Kowa ya miƙe, ba wurin ɓuya,

Kan tura sakamakon zaɓe ta na'ura,
52 da 28 a idon duniya.

Ranar kowa ya san sanatansa,
Wasu 28 ba su zo ba gaba ɗaya.

In za ki auna kakaki, ki duba
Abin da ya sa gaba da wanda ya tura baya.

A nan Ghali yana da abin nunawa,
Kuma a nan ne yake da tambaya.

Falken Doya

Ni ba ɗan boko ba ne, fataucin doya nake yi. Maganar tsigewar nan ce ta sa ba zan iya yin shiru ba.

Malam, Hajiya, ku ba ni wuri,
Ni falke ne mai yawon gari,
Zaki Biyam na san ta tun fari,
Kasuwar doya ce babba a ƙasa.

Can muke kasa doya ƙwarya-ƙwarya,
'Yan dako na lodi, rana na ƙuna baya,
Tibi da Bahaushe ana cinikayya,
Kowa na neman abincin gidansa.

Soja 19 aka kashe a yankin,
Runduna ta zo ɗaukar fansar jinin,
Fiye da 200 suka mutu a farmakin,
Oktoban 2001 ne, na riƙe watansa.

Kafin nan Odi ta sha irin nata,
A 1999 aka je aka rushe ta,
Bayelsa ta yi kuka, wa ya ji ta?
Shiru kake ji daga can bisa.

Da aka zo jero laifin shugaba,
Garuruwan biyu ba a manta su ba,
An tura soja ba a tambayi zaure ba,
Haka aka rubuta a majalisa.

Hajiya, kin ce an janye daga baya,
Wannan kam kin faɗi gaskiya,
Ya yi mini ciwo har cikin zuciya,
Jinin talaka ai ba ya zama wasa.

Amma ni dai ina ba shi wannan,
Garin matattu ya shiga takardar nan,
Duk ƙarfin fada a lokacin nan,
Sai da mai mulki ya zauna ya amsa.

Dattijon Yakasai

Allah ya yi miki albarka 'yata. Malam, Allah ya ƙara sani. Falke, ka tuna mini abin da na bari.

'Yata, kuɗin kujerun nan tabo ne,
Ban zo nan don in wanke shi ba.

Amma ki leƙa zauren dattawa,
Kujerar can ba ta zauna lafiya ba.

Enwerem ya faɗi, Okadigbo ya bi shi,
Anyim ya ƙarasa, bai dawo ba.

Mutum uku kenan a shekara huɗu,
Shi Ghali an girgiza, bai faɗi ba.

Har kuɗi aka zube a gaban zaure,
Aka ce na sayen tsige Na'Abba.

Wakilai suka kawo shi idon jama'a,
Ba su kai shi gida sun ɓoye ba.

Batun tsige shugaba kuwa, 'yata,
Zaure guda ba zai iya shi kaɗai ba.

Sai da dattawa, kashi biyu cikin uku,
Sashe na 143 bai sassauta ba.

Sai alƙalin alƙalai ya naɗa bakwai,
Su bincika laifi su ce an yi ko ba a yi ba.

Kuma ki tuna, lema guda ta rufe su,
PDP ce tasa, ita ce ta shugaba.

Mutum ya ja da uban gidan jam'iyyarsa,
Ya san kujerarsa ba za ta tsira ba.

'Yar Ƙofar Mata

Baba na ji, Malam na ƙaru,
Falke ka sa ƙwalla a idanunmu.

Saura guda, in haka yake da tsayuwa,
Don me a 2003 ya rasa ƙuri'unmu?

Birnin da ya aike shi, shi ya sauke shi,
ANPP ta ɗauke kujerar mazaɓarmu.

Dattijon Yakasai

Shekarar guguwar Janar Buhari ce, 'yata,
A cikin Birni ba ta bar mai lema ba.

Kwankwaso ma da yake gidan gwamnati,
Shekarau ya zo, bai tsira ba.

An ce mana sak, muka dangwala sak,
Aikin mutum ba mu tsaya dubawa ba.

Ga kuma fada tana riƙe da shi a rai,
Wa'adin Agusta ba ta yafe ba.

Masari ya gaji gudumar a bayansa,
Shi kuwa bai ƙara komawa zaure ba.

Ranar da tazarce ta mutu a 2006,
Majalisar da ta ƙi, ba daga sama ta faɗo ba.

Tun zamanin Ghali ta koyi musu da fada,
Ban yarda a cire sunansa a ciki ba.

'Yar Ƙofar Mata

Baba, ka yi haƙuri, zan ƙara ja sau ɗaya.

Guguwar na tuna, ta taso da ƙarfi,
Ta shiga lungu-lungu na unguwanninmu.

Amma Faruk Lawan yana ƙarƙashin lema,
Bagwai da Shanono, cikin jiharmu.

Shekarar nan ya tsaya kuma ya koma,
Mutanensa ba su bi sahunmu.

To kakaki guda, na huɗu a ƙasa,
Me ya hana shi riƙe Birninmu?

Ko dai faɗan Abuja ya cinye shi,
Bai sami sukunin zama da mu?

Baba, kai ka yi layi a zaɓen farko,
Faɗa mana sau nawa ya dawo ya tara mu.