Na canza IP na domain amma tsohon saba ne ke buɗewa, wa ya taɓa haɗuwa da wannan?

Ɗan_Kebul:
Salamu alaikum jama'a. Na maida shafina sabon saba (server, kwamfutar da ke ɗauke da shafin) na canza A record, wato layin da ke haɗa sunan domain da lambar IP ɗinsa, a wayar abokina sabon ne ke buɗewa amma a kwamfutata tsohon dai yana nan. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labari don Allah.

Malam_Root:
Wa alaikumus salam. Ai wannan kullum ne ɗan'uwa. Ni sai in buga dig +short da sunan domain ɗin (dig umarni ne na tambayar DNS, tsarin da ke fassara suna zuwa IP), in sake bugawa da @8.8.8.8 sannan @1.1.1.1 (DNS na Google da na Cloudflare), in amsoshin suka sha bamban to cache ne kawai, wani DNS ne ya riƙe tsohuwar amsa har sai TTL, wato wa'adin riƙe amsar, ya ƙare. Ka cire +short ka duba lambar da ke gefen sunan, sakan ne, duk sanda ka sake bugawa za ka ga tana raguwa, in kuwa 86400 aka sa tun farko to kwana guda kenan cur sai haƙuri. Shi ya sa nake rage shi zuwa 300 tun ana saura kwana biyu ƙaura.

Ummu_Byte:
Nawa ya fi ban haushi wallahi. dig na ba ni sabon IP daram amma ping da burauza sai tsohon, ashe wanda ya riƙe kwamfutar kafin ni ya rubuta layi a /etc/hosts, fayil ɗin da ake haɗa suna da IP da hannu, ya bar shi. dig da nslookup ba sa leƙa fayil ɗin sam, DNS suke tambaya kai tsaye. Sai da na buga getent hosts, wanda shi yana leƙa fayil ɗin, asiri ya tonu.

Baffa_Win:
Mu 'yan Windows ipconfig /flushdns ne maganinmu, sai nslookup a tabbatar. Akwai wani kwastoma da ya rantse ya canza record ɗinsa, na buga nslookup -type=ns sai ga shi nameserver ɗin, wato saban da ke riƙe da record ɗin domain, na tsohon kamfanin ne, can wurin da yake ta gyare-gyare babu mai tambayarsa ma.

Ɗan_Kebul:
Na gode ƙwarai Malam. 8.8.8.8 sabon ya ba ni, nawa kuma a ƙasan amsar dig SERVER ya nuna 127.0.0.53, wato cache ɗin cikin kwamfutata, Ubuntu ne, na buga resolvectl flush-caches yanzu shafin ya buɗe. Saura imel ne bai fara shigowa ba, dig mx zan buga in duba record ɗin imel ko?